Injin Jirgin Ruwa Da Ba Ya Silo: Amsa Ga Masu Sauraro

  

Yau za mu nufi bakin ruwa ne. Wasiƙu sun taru mana daga masu jiragen ruwa, kuma kusan dukkansu kuka ɗaya suke yi. Akwai ta wani manomin albasa daga Yelwan Yauri, akwai ta wata Hajiya mai fataucin banda daga Baga, akwai ta wani masunci daga Ibi a bakin kogin Binuwai, sai kuma ta wani dattijo daga Gaya ta Jamhuriyar Nijar. Kowannensu yana da tsohon inji irin wanda ake maƙalawa a bayan jirgi, injin yana gudu lafiya lau idan an murɗa totur, amma da an sassauta sai ya kama tari, ya yi ta karkarwa, ya mutu. Wato dai, in ji makanikai, injin ba ya silo.

To, kafin mu ɗauki wasiƙun ɗaya bayan ɗaya, akwai magana guda da muke so kowa ya riƙe. Jirgin ruwa ba shi da birki. Mota idan ta zo tasha taka birki ake yi, amma jirgi idan ya doshi kwata, abin da ke tsayar da shi shi ne a sassauta inji, a cire giya, a sa ta baya. Duk wannan kuwa a kan silo ake yinsa. Saboda haka silo shi ne birkin jirgi. Injin da ke mutuwa da zarar an sassauta, zai mutu ne daidai lokacin da aka fi bukatarsa: wajen shiga kwata cike da jirage, ko wajen ratsa kututturan itatuwan da ruwa ya shanye a tafkin Kainji tun da aka gama madatsar a 1968, ko kuma a tsakiyar igiyar ruwa da kaya niƙi-niƙi da fasinja. Ba ƙaramar magana ba ce, rai ne da dukiya.

Mu fara da wasiƙar manominmu na Yauri. Ya ce injinsa Yamaha ne mai ƙarfin doki 40, da shi yake ɗauko albasa daga gonarsa ta tsibiri. Da ya ga yana yawan mutuwa, sai wani yaro ya ƙara masa sukurun totur, injin ya daina mutuwa, amma yanzu duk lokacin da aka sa giya sai a ji ƙara, gaf! jirgin ya zabura. Yana tambaya ko akwai laifi.

Malam, akwai laifi babba. Abin da yaron nan ya yi maka rufe ciwo ne, ba magani ba. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai dalilin da ya sa injin ke mutuwa, kuma dalilin yana nan daram, an dai ƙara wa injin gudu ne don kada a gan shi. Wannan ƙarar da kake ji kuwa, haƙoran giya ne a can ƙasa cikin ƙafar inji suke dukan juna. An yi su ne don su shiga juna lokacin da inji ke tafiya a hankali. Idan kana sa su da gudu, bakinsu zai lalace ya yi sulɓi, wata rana kana tsakiyar ruwa giyar ta riƙa fita da kanta. Gyaran wannan kuwa ya ninka gyaran silo sau da yawa. Don haka ka mayar da sukurun nan inda yake, mu bi sawun cutar daga tushe.

Ga ƙa'idar da za ka bi, kai da duk mai irin wannan matsala: a fara da abu mai araha, a ƙare da mai tsada. Mai tukuna, sannan fulogi, sannan kafireta, sannan wuta, sannan a ƙarshe cikin inji. Kada ka yarda a buɗe maka kan inji alhali ba a duba tanki ba.

To, mu ɗauki mai. Samo kwalba fara mai tsabta, ka tsiyayo man da ke ƙasan tankinka a ciki, ka ajiye na ɗan lokaci. Ruwa ya fi fetur nauyi, idan akwai shi za ka gan shi ya kwanta a ƙasa. Ruwan nan yana shiga ne ta jarkar 'yan bumburutu, ko ta ruwan sama, ko ta feshin igiyar ruwa a bakin tanki. Inji mai gudu yana iya haɗiye ɗan ruwa ya wuce, amma a kan silo ɗigo kaɗan ya isa ya kashe shi. Ka kuma shinshina man. Idan ka ji warin kananzir, to an yi maka gauraye, kuma inji ba zai taɓa zama lafiya a kansa ba. Sai dai a lura, akwai injunan Yamaha da aka ƙera musamman don kananzir, masu tanki biyu. Su ma ɗin da fetur suke tashi, da fetur suke silo, sai an ɗau gudu suke komawa kananzir. Mai irin wannan inji, idan silonsa ya ɓaci, ya fara duba ɓangaren fetur ɗin.

Sai batun haɗin baƙin mai. Waɗannan tsofaffin injuna, cikin fetur ake zuba musu man da ke shafe cikinsu, kuma kowane inji da ma'auninsa. Yawancin injunan Yamaha ƙirar Enduro da ke hannun mutanenmu, kashi 50 na fetur ne da kashi 1 na mai. Ma'ana, lita 25 ta fetur rabin lita na mai, jarka mai lita 20 kuwa mililita 400, lita 10 mililita 200. Sabon inji, ko wanda aka sa wa sabon fistin da ringi, akan ninka masa man a kwanakin farko. Wasu direbobi suna kwarara mai da ido, wai yawansa shi ne gata. A'a. Idan ya yi yawa, hayaƙi ne da baƙin fulogi da mutuwar silo. Idan ya yi kaɗan kuma, inji ya ƙone. A nemi gwangwani ko kwalba da aka san awonta, a ajiye ta don wannan aiki kawai. Kuma man da ya dace shi ne wanda aka rubuta TC-W3 a jikin robarsa, domin shi aka yi wa injin ruwa. Baƙin man mota yana barin toka da gawayi a cikin inji. Araha ba ta ado.

Daga nan ka bi tiyo. A kan murfin tanki akwai ɗan sukuru na shan iska. Idan an manta ba a buɗe shi ba, ko datti ya toshe shi, mai ba zai taho ba, za ka ga ƙwallon robar nan da ake matsawa ya lotse. Ƙwallon kansa, idan ka matsa shi sau da yawa, ya kamata ya yi tauri. Idan bai yi ba, ko dai tiyon ya tsage yana shan iska, ko robar bakin mahaɗin da ake soka wa inji ta cinye, ko kuma mai yana zuba a wani wuri. Rana tana busar da tiyo ta tsattsaga shi, ka lanƙwasa shi ka gani da idonka. Ka buɗe 'yar matatar mai da ke jikin inji ka wanke ta.

Yanzu ga gwaji biyu da ba sa cin ko kwabo, kuma su za su nuna maka hanya.

Na farko, gwajin cok. Ka ta da inji ya yi zafi, ka sassauta totur. Daidai lokacin da ya fara alamun mutuwa, ka ɗan ja cok kaɗan. Idan ya farfaɗo ya daidaita, to yunwar mai yake yi: ko dai hanyar mai ta toshe a kafireta, ko iska na shiga ta inda bai kamata ba. Idan kuwa jan cok ɗin ya ƙarasa kashe shi nan take, yana hayaƙi, to ba yunwa ba ce, sai a nemi wajen yawan mai ko raunin wuta.

Na biyu, gwajin ƙwallon roba. Inji na silo, ka matsa ƙwallon a hankali. Idan injin ya ƙara lafiya muddin kana matsawa, famfon man inji ya gaji, fatar da ke cikinsa ta saki. Idan kuwa matsawar ta sa ya shaƙe, ya tuttuɗo hayaƙi, ko ka ga mai na zubowa ta bakin kafireta, to ko fatar famfon ta huje tana zuba mai kai tsaye cikin inji, ko allurar da ke rufe mai a kafireta ba ta rufewa. Fatar famfo ba ta da tsada, kuma canza ta ba ya cin rabin yini.

Malam na Yauri, sai ka jarraba waɗannan. Allah ya ba da sa'a, ya sa albasa ta yi daraja.

Sai wasiƙar Hajiya ta Baga. Ta ce ita ba ta shiga ruwa, yaronta ne ke tuƙi, amma kusan duk mako sai ya zo ya karɓi kuɗin fulogi. Injin kuma ya yi watanni a ajiye a ɗaki kafin a sake ɗora shi, tun daga nan bai sake silo ba. Tana so ta san ko yaron ne ke cutar ta.

To Hajiya, kada ki yi saurin zargi. Ki ce ya riƙa kawo miki tsofaffin fulogan, domin fulogi shi ne mai ba da shaidar abin da ke faruwa a cikin inji, kuma ke ma za ki iya karanta shi. Idan bakinsa ya yi ja-ja ƙasa-ƙasa, kamar ƙosan da ya soyu daidai, inji lafiya yake. Idan baƙi ne ƙirin, jiƙe da mai, to mai ya yi yawa, ko haɗin ya yi kauri, ko wuta ba ta da ƙarfi. Idan fari ne fat kamar toka, inji na yunwar mai kuma yana zafi, wannan kuwa ya fi haɗari, domin shi ke huda fistin. Idan kuma kin ga ɗaya ya fita tas kamar an wanke shi, ko da ɗigon ruwa a jiki, to ruwa na shiga wannan silinda, alamar gaskit ɗin kan inji ya ƙone ke nan. Sannan ki tabbata lambar fulogin da ake saye ita ce ta injin. Yamaha Enduro da yawa NGK B7HS ko 'yan uwanta suke sha, amma a duba abin da aka rubuta a jikin injin ko a littafinsa. Fulogin babur ko na janareto, ko da ya ɗauru, ba lallai ya dace ba.

Amma maganar ajiya da kika yi, ita ce ta fi jan hankalinmu. Bari mu yi miki bayanin kafireta a taƙaice. Kafireta ita ce ke gauraya mai da iska, kuma hanyoyin mai biyu ne a cikinta. Akwai babbar hanya ta gudu, akwai ƙaramar hanya ta silo. Ramin ƙaramar nan, ƙaramar allurar ɗinki ma da ƙyar ta shiga. Idan aka ajiye inji da mai a cikinsa, fetur ɗin sai ya bushe, ya bar baƙin mai da wani danƙo kamar ƙaro. Babbar hanya tana da faɗi, mai zai samu ya wuce. Ƙaramar kuwa sai ta toshe. Shi ya sa inji zai yi gudu kamar ba abin da ya same shi, amma ya ƙi silo. A cikin injunan da aka daɗe ba a tayar ba, wannan ita ce cutar da aka fi samu.

Maganinta wanki ne, amma wanki na gaskiya. Ba a fesa fetur a baki a ce an wanke ba. A kwance kafireta, a shimfiɗa farin ƙyalle a kan tire don kada ƙananan kaya su ɓace cikin yashi. A cire kwanon ƙasa, a cire fulot, wato abin nan mai iyo a kan mai, da allurarsa. A kwance jet na gudu da jet na silo, a jiƙa su a fetur mai tsabta, a hura musu iska da famfon keke ko na mai faci, a ɗaga su sama a ga haske ya ratsa ramin. A hura dukkan ƙananan ramukan da ke jikin kafireta. Kada a soka allura ko wayar ƙarfe a ramin jet. Jet na tagulla ne, mai laushi, idan ramin ya buɗe ya buɗe ke nan, inji zai yi ta shan mai har ranar da aka sayi wani. In ya zama dole, a zare silin waya ɗaya mai laushi daga cikin wayar lantarki a yi amfani da shi a hankali. A girgiza fulot a kunne, idan an ji mai a cikinsa ya huje. A duba bakin allura, idan ya yi zobe ya cinye, a canza. Wajen mayarwa kuma a sa sabon gaskit tsakanin kafireta da inji, domin tsohon da ya tsage iska zai riƙa sha. Manyan injuna masu silinda uku, irin masu doki 60 da 75, kafireta uku gare su, kuma sai an wanke duka ukun an daidaita su tare.

Don gaba kuma, Hajiya, duk lokacin da za a ajiye inji fiye da mako biyu ko uku, akwai ɗan sukuru a ƙasan kwanon kafireta, a kwance shi a tsiyaye man. Aikin minti biyu ne. Rigakafi ya fi magani.

Yanzu mu zo ga saiti, wanda ya shafi kowa. A jikin kafireta sukuru biyu ne na silo, kuma mutane na rikita su. Ɗaya yana tokare totur ne, shi ke ƙara gudu ko rage shi. Ɗayan, mai tsini, shi ke auna yawan man da ke bi ta ƙaramar hanya. Wannan mai tsinin, ka murɗa shi ciki a hankali da yatsu biyu a kan sukudireba, da ka ji ya taɓa ƙasa ka tsaya. Kada ka matse, tsininsa zai lalace. Sannan ka dawo da shi baya zagaye ɗaya da rabi. Wannan mafari ne kawai, kowane inji da nasa lissafin a littafinsa. Ka ta da inji ya yi zafi sosai, ka sa giyar gaba, wani ya riƙe tuƙi a fili inda ba jirage. Ka riƙa shigar da sukurun kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, kana jira ɗan lokaci bayan kowace murɗa don inji ya amsa. Za ka kai inda zai fara atishawa ta kafireta yana neman mutuwa: mai ya yi kaɗan ke nan. Sai ka riƙa dawowa baya har ka ji ya yi nauyi, yana gurnani da hayaƙi da girgiza: ya yi yawa ke nan. Wurin zama yana tsakanin biyun, ka ɗan karkata wajen yawa, don ya amsa idan an murɗa totur farat ɗaya. Bayan wannan ne, ba kafinsa ba, za ka taɓa sukurun totur, ka sauke gudu zuwa mafi ƙanƙanta da inji zai riƙe cikin giya ba tare da ya mutu ba.

A lura da kyau, saitin nan a cikin ruwa ake yinsa, inji na ɗaure a jirginsa. Dalili kuwa, hayaƙin waɗannan injuna a ƙarƙashin ruwa yake fita, ruwan yana danne shi, ga kuma nauyin farfela. Injin da aka saita a kan benci a gareji zai yi daɗin ji, amma da an sa shi a kogi an sa giya sai ya mutu. Kuma har abada kada a ta da inji a busasshe, ko na ɗan lokaci ne. 'Yar fankar roba da ke tura ruwan sanyaya inji, ruwan ne ke shafe ta, idan babu shi nan da nan take ƙonewa. In dole sai a tudu, a tsoma ƙafar inji cikin duro cike da ruwa.

Sai masuncinmu na Ibi. Ya ce nasa injin yana silo lafiya idan ba giya, amma da ya sa giya don ya bi kallinsa a hankali sai ya mutu, musamman in jirgi ya yi nauyi. An wanke kafireta har sau biyu, ba canji.

To malam, ka fara da ɗaga ƙafar inji, inji a kashe, ka juya farfela da hannu ba giya. Idan ta yi tauri, cire ta ka duba bayanta. Zaren kalli da igiyar mamari da ciyawar ruwa suna naɗewa a wurin, su riƙe farfela, su kuma cinye robar da ke hana ruwa shiga man giya. Na biyu, ka duba zaman injin. Idan lodi ya danne bayan jirgi har ƙananan ramukan hayaƙi da ke bayan ƙafar inji, can sama, suka nutse, inji ba zai iya numfashi a kan silo ba. Ka mayar da kaya tsakiya da gaba, ko ka rage su, wanda dama shi ya fi maka tsira. Haka nan idan an kishingiɗar da inji sosai don gudun yashi, man da ke cikin kwanon kafireta yana karkata, silo ya ɓaci. Na uku, ka cire murfin inji ka gwada. Idan ya gyaru ba murfi, ya ɓaci da murfi, to hayaƙi na tsiyaya a ƙarƙashin murfin, injin yana shaƙar hayaƙin kansa. Gaskit ne a gindin kan inji ya ƙone.

Na huɗu, ka tambayi makanikinka ko ya cire tamostat. Wannan wani ɗan abu ne a kan inji da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama. Makanikai da yawa suna jefar da shi, wai ƙasarmu da zafi ba a bukatarsa. Amma ruwan kogi ne ke sanyaya injin, ba iskar gari ba. Injin da ba tamostat ba ya ɗumama a kan silo, mai ba ya ƙonewa sosai, fulogi ya yi ta baƙi, balle da asubahin hunturu. Kai da aikinka tafiya a hankali ne, ka fi kowa bukatarsa.

Na biyar, wataƙila injinka da silinda ɗaya yake tafiya ba ka sani ba. Ka bar shi ya yi silo na ɗan lokaci, ka kashe, ka kwance fulogan biyu. Wanda ka samu jiƙe da mai, bai yi zafi kamar ɗan'uwansa ba, silindarsa ba ta aiki. Ka sauya musu wuri, na sama ya koma ƙasa. Idan cutar ta bi fulogin, fulogi ne. Idan ta tsaya a silindar, to sai a duba hular fulogi da wayarta da kwayil.

Wannan ya kawo mu ga wasiƙar dattijonmu na Gaya. Ranka ya daɗe, ka ce injinka Johnson ne, gadon mahaifinka, kuma wani ya ce maka kamfanin ya mutu, ka jefar da shi. Gaskiya ne an daina ƙera shi. Ole Evinrude ya fito da injinsa a birnin Milwaukee na Amurka a 1909, daga baya Evinrude da Johnson suka zama ƙarƙashin kamfani ɗaya mai suna OMC. Kamfanin ya karye a shekarar 2000, Bombardier na Kanada ya sayi sunayen a 2001, aka daina fitar da Johnson a 2007, Evinrude kuma a 2020. Amma wannan bai sa injinka ya zama bola ba. An ƙera su da yawan gaske, kayan Johnson da Evinrude na zamani ɗaya sukan shiga juna, kuma akwai wasu kamfanoni da ke yin kayan gyaransu. Ka kwafi lambar da ke jikin ƙarfen da ake ɗaure inji da shi, da ita ake neman kaya.

Abu biyu za ka kula da su. Na ɗaya, haɗin mai. Johnson da Evinrude da aka ƙera kafin 1964, lita 1 ta mai ce ga lita 24 ta fetur. Daga 1964 ne suka koma 1 ga 50. Tsohon Seagull na Ingila ma ya fi haka sha, 1 ga 10. Kada wani ya ba ka ma'aunin Yamaha ka ƙona gadonka. Na biyu, wuta. Ƙananan injunan wancan zamani, kafin akwatin wuta na CDI ya yaɗu a shekarun 1970, da kwantak da kondensa da kwayil suke aiki, duk a ƙarƙashin filawil, wato faifan nan mai nauyi da igiyar tayarwa ke juyawa. Juyawar faifan ce ke haifar da wuta, saboda haka a kan silo ne wutar ta fi rauni. Kwantak mai datti ko kwayil da ya tsattsage zai iya ba da wuta a guje, ya gaza a hankali. A goge kwantak, a saita buɗewarsa rabin milimita, a canza kondensa, a duba kwayil. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, tana tsallake tazarar kamar milimita 6 da ƙara, ƙyas! Ja ko rawaya mai sanyi ba ta isa ba. Kuma wajen gwada wuta a nisanta tanki, a goge duk man da ya zuba.

Idan duk an bi waɗannan ba a dace ba, sai a shiga cikin inji, kuma nan aikin ƙwararren makanike ne. Ya sa agogon awon matsi a ramin fulogi. Abin lura shi ne silinda biyun su zo kusa da juna. Idan ɗaya ta gaza 'yar'uwarta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, to ringi ya kama, ko silinda ta karce, ko gaskit ya ƙone. Ya duba sil na sama da na ƙasa a jikin karanshaf, domin idan sun tsufa iska suke sha, kuma alamar na sama ita ce maiƙo a ƙarƙashin filawil. Ya duba 'yan faifan rid da ke bayan kafireta, idan sun karye ko ba sa rufewa, za a ga inji na tofo mai ta baki. Injin da matsinsa ya tafi, duk saitin duniya ba zai sa shi silo ba, kada ka ɓata kuɗinka a kan fulogi.

Jama'a, tun da aka cire tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023, kowa ya san abin da lita ke ci a aljihu. Injin da silonsa ya ɓaci, ko an ƙara masa totur don a rufe laifi, mai yake zubarwa a ruwa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kowace safiya, tun jirgi na ɗaure a kwata, ka ta da inji ya ɗumama, ka ga ruwan sanyaya na fita, ka sauke totur ƙasa, ka sa giyar gaba, ka cire, ka sa ta baya. Idan ya mutu a nan, kada ka ɗebi mutane. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka riƙe fulogi biyu sababbi da sifanarsu da igiyar tayarwa a cikin gwangwani mai murfi, kada filafili da gorar tuƙi su bar cikin jirgi, kuma a sa rigar ruwa, babba da yaro.

To, a nan za mu dasa aya, lokaci ya yi mana halinsa. Waɗanda suka rubuto, muna jiran ku sanar da mu yadda ta kaya. Mai tambaya kuma, ya faɗi sunan injin, da ƙarfin dokinsa, da launin fuloginsa, da abin da ya gani da ya ja cok, don amsa ta zo daidai. Allah ya tsare mu a ruwa da tudu, ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.